GrADS da IDV a cikin kwamfutar kwaikwayo a kan Windows 11: ɗaya tana jan ƙafa, ɗaya ta ƙi nuna taswira

Ɗalibin Damina:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwana. Ni ɗalibi ne mai karatun digiri na biyu a fannin nazarin yanayi, kuma bincikena ya shafi lokacin faɗuwar damina a yankin Sahel na Afirka ta Yamma, wato yadda iskar kudu maso yamma mai ɗauke da danshi take tura busasshiyar iskar hunturu zuwa arewa tun daga bazara har ruwa ya zauna. Ina aiki da bayanan ERA5 na cibiyar ECMWF da bayanan ruwan sama na CHIRPS, wani lokaci kuma nakan sauke hasashen GFS domin in ga yadda yake kama shigowar danshin.

Shekara biyu ke nan ina aiki a kan wata tsohuwar kwamfutar tebur ta sashenmu mai ɗauke da Windows 7, wadda aka ɗora wa OpenGrADS, wato wata siga mai ƙarin ayyuka ta manhajar zana taswirar yanayi da ake kira GrADS, tun kafin zuwana. A cikinta akwai folda guda mai rubutattun umarni sama da talatin, waɗanda malamina da ɗaliban da suka gabace ni suka tara sannu a hankali. Da su muke zana iskar matakin 925 da ta 850 hPa, wato matakan sararin sama da ake ganewa da matsin iska, da layin da zafin saukar raɓa yake kaiwa digiri 15, wanda da shi muke gane inda iskar damina ta tsaya da inda ta hunturu ta fara. Kwamfutar ta tsufa har ta fara mutuwa ana tsakiyar aiki, shi ya sa na daure na sayi tafi-da-gidanka mai Windows 11 da ram gigabait 16. Wani abokin karatuna ya ba ni shawarar in ɗora VirtualBox, in ƙirƙiri kwamfutar kwaikwayo a ciki, wato kwamfutar da manhaja take kwaikwaya a cikin wata kwamfutar, in zuba mata Ubuntu 22.04, wadda nau'in babbar manhajar Linux ce, domin a ganinsa manhajojin yanayi sun fi zama lafiya a Linux. Na bi shawararsa, na ɗora GrADS da IDV, wadda ita ma manhajar nuna bayanan yanayi ce, a cikin Ubuntu ɗin.

Ga halin da nake ciki yanzu. Ubuntu kanta tana da nauyi ƙwarai, ko tagar rubuta umarni na buɗe sai na jira, kuma taswirar iska da tsohuwar kwamfutar take zanawa nan take, a nan ina kallon kibiyoyin suna fitowa kashi-kashi. IDV kuwa tana buɗewa, tana karanta fayil, tana nuna sunayen abubuwan da ke cikinsa, amma wurin da taswira ya kamata ta bayyana baƙi ne ƙirin, wani lokaci ma manhajar ta rufe kanta da zarar na yi ƙoƙarin juya taswirar. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rubutattun umarnin: kusan rabinsu sun ƙi aiki, wasu suna cewa ba su ga fayil ba alhali fayil ɗin yana nan, wasu kuma suna tsayawa a layin da ake ajiye hoto.

Ina neman shawarar waɗanda suka bi wannan hanya kafin ni. Shin saiti ne ban yi daidai ba, ko kuwa kwamfutar kwaikwayo ba ta dace da irin wannan aiki ba tun asali? Wata huɗu ya rage in miƙa babin sakamako, kuma ba na so in ɓatar da su wajen gyaran na'ura.

Mai Gyaran Na'ura:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalolinka uku ne kuma tushensu ba ɗaya ba ne, saboda haka kada ka nemi magani guda da zai warkar da su duka. Zan yi magana a kan nauyin da baƙar tagar, domin su ne na sani sosai.

Masu wannan sana'a suna kiran Windows ɗinka mai masauki, Ubuntu kuma baƙo. Baƙon ba ya gudu da sauri sai an ba shi damar taɓa wani sashe na furosesa da aka tanada musamman domin wannan aiki, wanda Intel suke kira VT-x, AMD kuma AMD-V. To ba a sarki biyu a gari ɗaya. A sababbin kwamfutoci, Windows 11 takan zo da wani tsaro a kunne mai suna Memory integrity, wanda yake tsayawa a kan Hyper-V, wato manhajar Windows ta tafiyar da kwamfutocin kwaikwayo, kuma da zarar Hyper-V ta tashi ita take riƙe wancan sashe na furosesa. Sai ya zamana VirtualBox ba ta isa gare shi kai tsaye, dole ta bi ta hannun Windows a kowane motsi, kuma daga nan nauyin yake fitowa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: yayin da Ubuntu take aiki, duba jerin ƙananan alamomin da ke ƙasan tagar VirtualBox ta hannun dama. Idan ka ga koren kunkuru a wurin da ya kamata a ga harafin V, to abin da na faɗa ne yake faruwa.

Ana korar kunkurun ta hanyar kashe Memory integrity a cikin Windows Security, ƙarƙashin Device security da Core isolation, sannan a buɗe tagar umarni da ikon mai gudanarwa a rubuta bcdedit /set hypervisorlaunchtype off, a sake tayar da kwamfutar. Bayan haka ka tabbatar ka ɗora Guest Additions, wato direbobin da VirtualBox take tanadar wa baƙo, a cikin Ubuntu, ka ba baƙon ram gigabait 6 zuwa 8 daga cikin 16 ɗin, kuma kada ka ba shi fiye da rabin ƙwayoyin furosesa. Mutane da yawa suna zaton idan sun miƙa wa baƙo komai zai fi sauri, alhali idan mai masauki ya rasa abin numfashi su biyun ne suke durƙushewa.

Batun IDV kuwa daban ne, kuma a nan nake so ka tsaya ka fahimci bambancin manhajojin biyu. GrADS, wadda aka ƙirƙira a cibiyar COLA ta Amurka, zane take yi shimfiɗaɗɗe: layuka, launuka da kibiyoyi a kan tagar X11, kuma furosesa kaɗai ta ishe ta. IDV, ta Unidata da ke Boulder a jihar Colorado, an gina ta ne da Java a kan VisAD da Java3D, kuma ko taswira shimfiɗaɗɗiya ka nema, a matsayin abu mai tsawo da faɗi da zurfi take zana ta, ta hanyar OpenGL. Wannan yana nufin tana neman katin hoto na gaske tare da direbansa. Baƙon da ke cikin VirtualBox ba ya ganin katin hoton kwamfutarka, wani katin kwaikwayo ake nuna masa, kuma gwargwadon abin da wannan katin ya iya na OpenGL shi ne iyakar abin da IDV za ta samu. McIDAS-V ta jami'ar Wisconsin ma haka take, domin a kan tushe ɗaya aka gina su.

Domin ka ga abin da idonka, ɗora mesa-utils a Ubuntu, ka rubuta glxinfo, ka nemi layin da ya ambaci renderer. Idan ka ga llvmpipe, furosesa ce take kwaikwayon katin hoto, ba a taɓa katin ba sam. Idan ka ga SVGA3D, to akwai hanya tsakanin baƙo da katin. Ana buɗe wannan hanya a saitin Display, inda za ka zaɓi VMSVGA, ka kai ma'ajiyar hoto megabait 128, ka kunna 3D. Wani lokaci hakan yana isa, wani lokaci ba ya isa. Ra'ayina shi ne kada ka wahalar da kanka: IDV tana da sigar Windows wadda take zuwa da Java ɗinta, ka ɗora ta kai tsaye a kan Windows 11, ka sabunta direban katin hotonka, ka bar Ubuntu ga manhajojin da suke buƙatarta da gaske.

Malamar Hasashe:

Sannunku da ƙoƙari. Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan IDV, kuma ina tare da shi ɗari bisa ɗari cewa wurinta yana kan Windows kai tsaye. Inda nake da ja shi ne shawarar kashe Memory integrity. Wannan kwamfuta ce ta ɗalibi, da ita yake shiga intanet, da ita yake buɗe imel, kuma filashin abokan karatu za su riƙa shiga suna fita. Rage mata tsaro domin a samu saurin zana taswira ciniki ne da ban ga ribarsa ba, musamman da yake akwai hanyar da ba ta buƙatar hakan.

Hanyar ita ce WSL2. Ita ma kwamfutar kwaikwayo ce a haƙiƙa, amma Windows ce da kanta take tafiyar da ita a kan Hyper-V, saboda haka babu rigimar wane ne zai riƙe furosesa. Umarni ɗaya ne, wsl --install, sai Ubuntu ta sauka, kuma a Windows 11 tana zuwa da WSLg, wanda yake sa tagogin Linux su buɗe a kan fuskar Windows kamar kowace taga. Ni da GrADS nake zana taswirar ƙurar hunturu da take tasowa daga kwarin Bodele na Chadi, kuma a cikin WSL2 nake yi, tagar tana buɗewa ba tare da na ɗora wani abu na daban ba. Sai dai a kula da abu biyu. Umarnin bcdedit da Malam ya kawo yana kashe WSL2 gaba ɗaya, don haka mutum zai zaɓi hanya ɗaya ne. Sannan manyan fayiloli su zauna a cikin foldar gida ta Ubuntu, domin karanta su ta /mnt/c yana da jinkiri sosai, kuma bayanan ERA5 na shekaru masu yawa ba ƙananan kaya ba ne.

Yanzu ga rubutattun umarnin, ƙanena, waɗanda a ganina su ne ainihin dukiyar da kake tsoron rasawa. Ba kwamfutar kwaikwayo ce ta lalata su ba, ƙaura daga Windows zuwa Linux da kuma daga wata siga zuwa wata ce ta fito da abubuwan da suke ɓoye. Waɗanda suke cewa ba su ga fayil ba, buɗe fayil ɗin .ctl da suke kira, wato wanda yake gaya wa GrADS inda bayanan suke da tsarinsu, ka duba layin dset. Kusan tabbas za ka tarar an rubuta hanya irin ta Windows mai farawa da C:, wadda ba ta da ma'ana a Linux. Ka ajiye fayil ɗin bayanai a folda ɗaya da .ctl, ka rubuta alamar ^ kafin sunansa, daga nan duk inda ka kai foldar za ta yi aiki. Ka kuma tuna cewa Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Linux kuwa tana bambantawa, saboda haka Ruwa.ctl da ruwa.ctl abu biyu ne a wurinta. Akwai kuma wata alama da ido ba ya gani wadda Windows take sawa a ƙarshen kowane layi, takan manne a jikin sunan fayil ta hana a gane shi. Ƙaramar manhajar dos2unix tana share ta a foldar gaba ɗaya cikin daƙiƙa kaɗan.

Waɗanda suke tsayawa a wurin ajiye hoto kuma, ina zaton za ka ga enable print da print a cikinsu, ko kuma gxyat. Na farkon tsohuwar hanya ce da aka sauya tun daga siga ta 2.1, inda gxprint ya maye gurbinta, kuma sigar da take zuwa daga ma'ajiyar Ubuntu ta 2.2 ce. Shi kuwa gxyat ƙari ne na OpenGrADS, babu shi a GrADS ta asali. Wannan ya kai ni ga tambayar da nake so ka amsa: a cikin umarnin da suke haɗa CHIRPS da ERA5, da wane aiki ake daidaita girman gidajen bayanan? CHIRPS tana kan digiri 0.05, ERA5 kuma 0.25, dole akwai inda aka mayar da ɗaya kan ɗaya. Idan da aikin nan mai suna re aka yi, shi ma na OpenGrADS ne, kuma sauya shi ba gyaran rubutu ba ne kawai, yana iya taɓa sakamakon.

Ɗalibin Damina:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama, Allah ya saka da alheri. Na duba kamar yadda kuka ce. Koren kunkurun yana nan a ƙasan tagar, tun ranar farko nake ganinsa ban san yana da ma'ana ba, kuma glxinfo ya nuna llvmpipe. Na ɗora IDV a kan Windows jiya da dare, na buɗe fayil ɗin da yake ba ni baƙar taga, sai ga taswirar Afirka ta Yamma ta fito har ina juya ta ina ganin iskar gabas mai ƙarfi da take kadawa a kusa da matakin 600 zuwa 700 hPa.

Malama, hasashenki ya yi daidai. Umarni bakwai suna amfani da re, kuma da wasunsu aka fitar da taswirorin babi na uku, waɗanda malamina ya riga ya gani ya amince. Idan na sauya hanyar daidaitawa yanzu, ina tsoron taswirorin babi na huɗu ba za su yi daidai da na baya ba, kuma ban san yadda zan tabbatar ba tunda tsohuwar kwamfutar ba ta da tabbas.

Tsohon Ma'aikaci:

Ɗana, wannan tsoron naka shi ne ya sa na ga ya dace in sa baki, domin a nan ne kwamfutar kwaikwayo take da amfanin da babu abin da ya kai ta. Abokinka ya ba ka ita a matsayin wurin yin sabon aiki, ni kuwa a tsawon shekarun da na yi ina kula da na'urorin wani ofishin yanayi, na fi amfana da ita a matsayin rumbun da ake adana tsohon wurin aiki yadda yake, da sigar manhajarsa da saitinsa da komai.

Abin da nake ba ka shawara ka yi tun kafin makon nan ya ƙare shi ne ka nemi izinin sashenku ka kwafi faifan tsohuwar kwamfutar dungurungum. Akwai ƙaramar manhaja ta Microsoft mai suna Disk2vhd da take mayar da faifan kwamfuta mai aiki ya zama fayil guda, kuma VirtualBox tana iya buɗe irin wannan fayil. Ka tambayi mai kula da na'urorinku game da lasisin Windows ɗin, domin wani lasisin a ɗaure yake da na'urar da ya zo da ita. Idan abin ya yiwu, za ka samu Windows 7 ɗin nan da OpenGrADS ɗinta da umarni talatin ɗin suna zaune a cikin sabuwar kwamfutarka. Ko da kunkurun yana nan, ba komai, domin ba kullum za ka buɗe ta ba, sai ranar da kake so ka zana taswira da tsohuwar hanya ka ajiye ta kusa da sabuwa ka gwada. Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa a kansa: ka cire mata intanet a saitin Network. An daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro tun watan Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta na gama-gari ya cika a watan Oktoban 2025, kuma tsohuwar babbar manhaja da aka bari a buɗe ga intanet ƙofa ce da ba ta da sakata.

Bari in faɗa maka abin da ya same ni domin kada ya same ka. Faifan kwamfutar kwaikwayo fayil ɗaya ne tak a wurin mai masauki, komai yawan abin da ke cikinsa. Na taɓa tara taswirorin damina guda da bayanan da aka zana su da su a cikin irin wannan fayil, a kan kwamfutar tebur da batirin ajiyar wutarta ya riga ya mutu ban sauya ba. Wata ranar Laraba da la'asar, baƙon yana tsakiyar rubutu a faifai aka ɗauke wuta. Da wuta ta dawo na tayar da shi, sai ya tsaya a baƙin allo yana neman a gyara faifai, kuma bayan gyaran foldar taswirorin ta koma tarin fayiloli masu lambobi a madadin suna. Kwana tara na yi ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina gane wanne ne na wace rana. Tun daga lokacin ba na ajiye bayanai ko sakamako a cikin baƙo, manhaja kaɗai nake bari a can, sauran suna waje a foldar da suke tarayya da mai masauki, da kwafi a wani faifan daban. Kuma kada ka ɗauki Snapshot, wato adana halin da baƙo yake ciki domin a iya komawa gare shi, a matsayin kwafin ajiya, domin a jikin faifan asali yake rataye, idan asalin ya lalace shi ma ya tafi. Kwafin gaske shi ne ka fitar da kwamfutar kwaikwayon a matsayin fayil ɗin OVA, ko ka yi wsl --export idan hanyar Malama ka bi.

Sai batun agogo, wanda ƙarami ne amma yana ɓata aiki. Bayanan yanayi da lokacin UTC suke tafiya, GFS tana fita sau huɗu a rana, ƙarfe 00 da 06 da 12 da 18, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya. Idan akwai umarnin da yake duba agogon kwamfuta domin ya zaɓi fitowar da zai sauke, ka tabbatar agogon baƙon daidai yake, domin yakan kauce bayan an dakatar da shi an sake tayarwa. Kuma kada ka riƙa sauke cikakken fayil ɗin GFS na digiri 0.25, wanda kowane ɗaya ya kusa rabin gigabait, alhali yankinka da matakai uku ko huɗu kawai kake so. Shafin NOMADS yana da matacin da ake zaɓar yanki da mataki kafin a sauke, kuma kuɗin data ba abin wasa ba ne ga ɗalibi.

Mai Gyaran Na'ura:

Malama ta fi ni gaskiya a kan tsaron, na janye waccan shawara ga wanda kwamfutarsa ɗaya ce kuma da ita yake komai. Na saba da na'urorin da aka keɓe domin aiki guda, shi ya sa na yi saurin kawo ta.

Ina so in ƙara abu ɗaya a kan maganar Baba game da fayil ɗin OVA, saboda ranar da za ka miƙa shi ga wani ɗalibi. Kwamfutar kwaikwayo ba ta sauya jinsin furosesa, aron ta mai masauki take yi. Wadda aka gina a kan Intel ko AMD ba za ta tashi yadda take ba a kan kwamfutocin Apple masu furosesar M1 da waɗanda suka biyo bayanta tun daga ƙarshen 2020, domin su na jinsin ARM ne, haka ma sababbin tafi-da-gidanka na Windows masu furosesar Snapdragon. Ana iya tilasta ta da UTM ko QEMU, waɗanda suke fassara kowane umarni daga wannan jinsi zuwa wancan, amma nauyin da ake samu ya fi na kunkurun da kake kuka da shi nesa ba kusa ba. Saboda haka, tare da fayil ɗin, ka rubuta a takarda guda sigar kowace manhaja da matakan da ka bi wajen ɗora ta, domin wanda na'urarsa ba ta karɓi fayil ɗin ba ya iya sake ginawa daga tushe. Wannan ya fi zama dole ga manhajojin da aka daina ciyar da su gaba, irin su NCL, wadda NCAR ta tsayar a siga ta 6.6.2 a 2019 ta mayar da ƙarfinta kan Python.

Malamar Hasashe:

Game da re, ƙanena, ga yadda ni zan yi. Ruwan sama ba kamar zafi ko matsin iska ba ne da suke sauyawa a hankali daga wuri zuwa wuri. Hadari yana iya zubar da ruwa mai yawa a gari ɗaya ya bar na kusa da shi a bushe, don haka idan za a tattara ƙananan gidaje 25 na CHIRPS su zama gida ɗaya na ERA5, hanyar da take kiyaye jimillar ruwan ita ce ta dace. Manhajar CDO, ta cibiyar Max Planck da ke Hamburg a Jamus, tana yin wannan da remapcon, kuma tana cikin ma'ajiyar Ubuntu. Shi re yana da hanyoyi fiye da ɗaya, akwai ta matsakaicin gida akwai ta jan layi tsakanin maki, saboda haka ka karanta abin da aka rubuta a cikin umarnin bakwai ɗin ka ga wacce aka zaɓa. Idan ta matsakaicin gida ce, sakamakon zai yi kusa da na remapcon ƙwarai. Idan ɗayar ce, ka shirya ganin bambanci, kuma gara kai ka gano shi ka kai wa malaminka da a gano shi ranar kare kundi.

Ɗalibin Damina:

Na dawo da bayanin inda aka kwana, bayan kwana goma. Sashenmu ya ba ni izini, kuma na kwafi faifan tsohuwar kwamfutar a daren Juma'a, aikin ya ɗauki kusan awa uku ina zaune kusa da ita ina addu'ar kada ta mutu a tsakiya. Da farko ta ƙi tashi a VirtualBox, tana nuna shuɗin allo, sai da na sauya nau'in mahaɗin faifai a saitin Storage daga SATA zuwa IDE sannan ta buɗe, da hoton fuskarta da foldar umarnin a inda na saba ganinsu. Na cire mata intanet kamar yadda Baba ya ce, na fitar da OVA na ajiye a faifan waje, na ba malamina kwafi ɗaya.

Aikin yau da kullum ya koma WSL2, Memory integrity kuma yana kunne ban taɓa shi ba. Bayan dos2unix da gyaran layukan dset da sauya tsofaffin umarnin ajiye hoto zuwa gxprint, duk umarnin sun tashi in ban da bakwai ɗin nan. IDV tana kan Windows tana karanta fayilolin da na kwafo mata daga Ubuntu.

Da na karanta umarnin bakwai ɗin a tsanake, sai na tarar biyar sun yi amfani da matsakaicin gida, biyu kuma, waɗanda da alama wani ɗalibi na daban ne ya rubuta su, sun yi amfani da jan layi tsakanin maki. Na zana taswirar faɗuwar damina ta shekara guda da tsohuwar kwamfutar kwaikwayon, na sake zana ta da remapcon, na ajiye su gefe da gefe. A biyar ɗin ido ba ya raba su. A biyun kuwa akwai bambanci a kewayen tsaunukan Jos da kuma can arewa inda ruwan yake zuwa jefi-jefi, har ranar faɗuwar damina ta motsa a wasu gidajen. Ɗaya daga cikin biyun yana cikin babi na uku. Na buga taswirorin biyu a takarda, na yi wa wuraren da suka bambanta da'ira da jan biro, kuma gobe da safe zan kai wa malamina tare da roƙon ya bar ni in sake fitar da wannan taswira da hanyar da take kiyaye jimillar ruwa kafin in shiga babi na huɗu.